Kuɗin buga jaridar ɗalibai sun shigo da sharaɗi, mi za ni yi?

Sabon Edita: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina aji uku a wata jami'a nan Sakkwato. Bara munka gaji jaridar ɗalibai daga waɗanda sunka gama, ba su bar muna komai ba sai tsohon tambari da shafin Facebook da an manta mabuɗinsa. Da farko mu 14 ne, yanzu mu shida muke zuwa taro, ɗaya ma saboda budurwarsa yake zuwa. Mun tara labarai tun farkon zango, babban cikinsu kan kuɗin gyaran burtsatsen hostel da anka karɓa, har yau ana sayen ruwa. Shugabannin ƙungiyar ɗalibai, waɗanda labarin ya shafa, sun ce za su cika muna kuɗin bugu, amma sai sun ga labarin tukuna. Jarrabawa saura mako uku. Ban iya barci.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu tarihi amma ba ka faɗi shafi nawa ba, kwafi nawa, kala ko baƙi. Nan ne kuɗin suke. Shafuka huɗu-huɗu ake lissafa su, don takardar A3 guda in an ninka ta ita ce shafi huɗu na A4. Shafi takwas kwafi 300 takarda 600 ke nan, rim ɗaya 500 ne, to rim biyu za ka saya, ragowar ta tafi wurin gwaji da lalacewa. Ɗauki takarda mai kaurin gram 70, gram 60 rubutun baya yana lekowa. Kwafin da bai kai 500 ba kada ka kai shi injin faranti, wato babban injin da sai an fitar da kowace fuska a kan farantin ƙarfe kafin a buga, kuɗin farantin kaɗai zai cinye ku, kala kuma faranti huɗu take ci a kowace fuska. Ka kai shi Riso, injin kwafi mai saurin buga takardu da yawa, ko babbar fotokwafi, baƙi zalla. Ka ga ba ka buƙatar kuɗin kowa.

Sabon Edita: Baba, mun riga mun yi wa masu talla uku alkawarin kala. Kuma jarida baƙa ƙirin ɗalibai ba su ɗauka.

Baban Ummi: To bango kaɗai a yi kala, ciki baƙi, tallan su koma bangon baya. Sannan in da manhajar zane ta CorelDraw kuka tsara, a mayar da rubutun ya koma zane kafin a fitar da PDF, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su fito akwati-akwati a kwamfutar mai bugu. Hoton da ya biyo ta WhatsApp a matse yake, a turo shi a matsayin fayil. Kuma sai ka ga kwafin gwaji ka sa hannu. Yaran yanzu tura aiki suke su tafi, in ya ɓaci su ce mai bugu ne.

Malama Hadiza: Ni ba takarda ce damuwata ba, labarin ne. Mi ke hannunka? Rasit ko sanarwar karɓar kuɗin? Adadin ɗaliban da suka biya daga ina ka samo shi? Ba a nuna wa wanda labari ya shafa labarin kafin bugu, amma dole a ba shi damar kare kansa. Rubuta tambayoyi uku ko huɗu, kai musu a takarda, su sa hannu a kwafinka da kwanan wata, ba su kwana uku. In sun yi shiru ka rubuta cewa an tuntuɓe su ba su amsa ba. Kada kalmar "sata" ko "cinye" ta shiga. Ka ce an karɓi kaza ranar kaza, burtsatse ba ta aiki zuwa ranar kaza, ga hoto.

Abu Tsohon Ɗalibi: Ku bar wahalar bugu. PDF, a watsa a zaurukan ajujuwa, ko sisi ba a kashe ba.

Malama Hadiza: Intanet ba mafaka ba ce. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama ƴan jarida da shi. Kuma kafin ma a kai can, kwamitin ladabtarwa na makaranta ya fi kusa da shi. Edita, jaridar tana da rajista da ofishin harkokin ɗalibai? Akwai malami mai ba ku shawara?

Sabon Edita: Rajistar ina jin na baya sun yi. Hujja kuma kowa ya san an karɓi kuɗin, ni kaina na biya. Shugaban ƙungiyar abokina ne tun aji ɗaya, ba zai cuce ni ba, dubawa kawai zai yi.

Maman Sadik: Ɗana, "ina jin" ba rajista ba ce, yawanci kowace shekarar karatu ake sabuntawa. Ajiye labarin sai bayan jarrabawa. Iyaye na ta fama da kuɗin makaranta, ku kuna neman faɗa da masu ofis.

Baban Ummi: Hajiya, labarin ruwa in ya kwana har damina wa zai karanta? Ya buga. Amma ya kai aikin kwana biyar kafin ranar rabawa, wuta ba ta da tabbas, kuma lokacin jarrabawa duk shagunan bugu cike suke da takardun karatu. Ya biya rabi, rabi sai ya ƙirga kwafinsa.

Malama Hadiza: Rasit ɗinka na nan?

Sabon Edita: Hannu da hannu munka ba wakilin bulok. Amma zan tambaya ko ya rubuta sunaye. Baba, in shafi shida ne fa, nawa zai kama?

Baban Ummi: Babu shafi shida. Koma ka karanta abin da na rubuta da farko.