Don Allah masu sanin siga ku taimaka, aikina na rawa

Ɗan Autan Inna: Salam 'yan uwa. Na samu aiki a wani otal a Abuja, yayan matar kawuna ne ya yi min hanya bayan na daɗe a zaune, ga maganar aure ta taso, ga haya, to sai suka sa ni ɓangaren da ake sayar da siga, wato ƙatuwar tabar nan ta ganye zalla, ni kuma ko sigari ban taɓa sha ba. Jiya wani Alhaji ya ce shi sabon shiga ne, na ba shi mai hasken ganye, ya dawo wai ta sa shi jiri. Manaja ya ce zai gwada ni kan ganyen naɗin waje. Ya ake gane su?

Oga Sani: Ƙanina saurara, na daɗe a harkar. Mai haske ita ce Connecticut, a ƙarƙashin rumfar yadi ake nomanta a Amurka, yanzu yawanci Ekwado ke yi saboda gajimare na tare rana, laushi gare ta. Maduro baƙa ce don an daɗe ana tsima ganyen, tana da ɗan zaƙi da ƙamshin koko. Habano irin Kuba ne da ake shukawa a Nikaragwa, yaji gare ta. Haddace ukun nan ka wuce wurin.

Baban Ummi: Ni dai na san baƙa ta fi bugarwa, kala kawai zaka duba

Oga Sani: Ba haka ba ne malam. Ƙarfi daga ganyen ciki yake, musamman ligero, ganyen can saman tsiron da ya fi shan rana. Na waje ɗanɗano yake ƙarawa, kuma an fi jinsa a siririya. Ƙila ma Alhajin haɗiye hayaƙin ya yi, ba a zuƙarta har huhu.

Ɗan Garwa: Kun manta namu na Kamaru, a gabashin ƙasar ake nomansa, ganye siriri mai ƙuraje-ƙuraje. Amma da hunturu tsagewa yake in akwatin ajiyar sigar bai riƙe danshi wajen kashi 70 ba. Manomi na shan wahala Turawa na cin riba, haka aka yi mana da auduga

Hajiya Babba: Ɗana ka nemi wata sana'ar. Taba taba ce ko da wane ganye aka naɗe ta, ita ta cinye ƙirjin maigidana.

Ɗan Autan Inna: Allah ya jiƙansa Hajiya, amma ni ba sha nake ba, kuma wa zai biya min haya? Oga mai hasken na ba shi fa, wadda ka ce laushi gare ta, laifina a ina?

Oga Sani: Wace iri ce, meye a cikinta? Ya ci abinci kafin ya kunna?

Ɗan Autan Inna: Ita ce dai mafi tsada a layin, na ɗauka mai tsada ba za ta cutar ba

Baban Ummi: Gobe ka ba shi baƙar mu gani