Ƙarfin ampili ko matatar sauti: wanne mai nauyin ji ya fi buƙata?

Mai koyon gyara, Birni: Assalamu alaikum. Na haɗa wa kakana na'urar taimakon ji da ƙaramin mikro da LM386 (ɗan ƙaramin ampili, wato mai ƙara ƙarfin sauti) da pil mai bolt 9, na kuma sa kondansate mai mikrofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 na LM386 ɗin, domin ƙarfin ya tashi daga ninki 20 zuwa ninki 200. A ganina, mai nauyin ji ƙarfin sauti kaɗai yake buƙata, matatar sauti, wato abin da ke tace shi, kuwa ɓarnar dalma ce.

Maigidan gyaran rediyo, Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam, ɗana. Me tsohon ya ce da ka saka masa ita?

Mai koyon gyara: Maigida, cewa ya yi yana jin kabu-kabu da ke wucewa da rurin fanka, amma maganar wanda ke zaune a tabarma ɗaya da shi tana fitowa kamar daga cikin tulu.

Malamin lantarki: To, ƙanena, kakanka ya riga ya yanke hukunci. Idan tsufa ya taɓa kunne, siririn sauti ne ke fara ɓacewa, kuma a can ne "s" da "sh" da "f" suke, su ne ke bambanta "sa" da "sha". Ampili ba ya zaɓe, duk abin da mikro ya kamo sai ya ninka shi, har da gurnanin wutar gida mai Hz 50 (Hz ma'aunin mitar sauti ne: ƙaramin adadi kakkauran sauti, babban adadi siririn sauti). Wayar tarho ta daɗe tana isar da magana tsakanin Hz 300 da 3400 kawai. Ka jera kondansate mai nanofarad 47 da rezistans mai kilo-om 10, za su rage abin da ke ƙasa da kimanin Hz 340, sannan wani kilo-om 10 da nanofarad 4,7 su rage abin da ya haura 3400.

Maigidan gyaran rediyo: Malam, na yarda da yankan ƙasa, amma na sama ban yarda ba. Kai da bakinka ka ce siririn sauti ne tsohon ya rasa, to don me za mu toshe masa shi a 3400? Ni nanofarad 2,2 zan sa, iyakar ta kai wajen Hz 7000. Kuma LM386 a ninki 200 shuuu yake yi ko ba mai magana. Gara a bar shi a 20, a sa masa tiranzisto ɗaya a gabansa.

Malamin lantarki: Gyaranka ya karɓu, Maigida, ko da yake irin wannan matatar a hankali take rage sauti, desibel 6 kacal (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) duk lokacin da mitar ta ninka.

Ma'aikaciyar lafiya: Malamai, ba wanda ya ambaci iyakar ƙara. Idan aka buga ƙofar langa-langa kusa da mikron, duk ƙarar cikin kunnensa za ta faɗa, alhali desibel 85 na awa 8 a kullum ma yana lahanta ji. A fara kai shi asibiti a duba, domin wani nauyin jin dauɗar kunne ce kawai.

Mai koyon gyara: Hajiya, zan kai shi ranar Litinin in Allah ya yarda. Har yanzu ina ganin ninki 20 zai yi masa kaɗan, amma zan cire kondansaten in gwada. Maigida, akwai nanofarad 2,2 a shagonka?