Me za mu kira "bushu" da Hausa? Ni na tsaya a kan mabuɗi

Salamu alaikum 'yan'uwa da malamai. Ƙanwata ta fara koyon Japananci, ta tambaye ni wane ƙamus na kanji, wato haruffan da Japanawa suka aro daga rubutun ƙasar Sin, ya kamata ta saya. Ina cikin yi mata bayani na tsaya cak, domin bambancin ƙamusoshin nan gaba ɗaya ya rataya a wuyan wata kalma da ba mu sa mata suna ba. Japanawa na ce mata bushu, masu Ingilishi na cewa radical.

Ga abin da ake nufi, kamar yadda na nuna mata. Kanji ba shi da jerin abacada. In kin gamu da 海 ba ki san yadda ake furta shi ba, ta ina za ki shiga ƙamus? Sai ki dubi gefensa na hagu, ga 氵, alamar ruwa. Ki je babin ruwa, ki ƙirga jan alƙalamin da ya rage, guda 6, ki tarar da shi: umi, teku. A babin nan ne 池 tafki yake, da 涙 hawaye, da 泳 iyo. Wannan yankin da ya kai ki babin, shi muke nema wa suna. Guda 214 ne a tsarin da ƙamus ɗin Kangxi na ƙasar Sin ya shahara da shi tun 1716, kuma har gobe da shi ake aiki.

Da na tambayi jama'a, wanda ya fara amsa mini cewa ya yi saiwa ko tushe. Na gane dalilinsa. Duk wanda ya taɓa buɗe ƙamus na Larabci ya san ana neman kitab da katib da maktab a ƙarƙashin kaf, ta, ba. To amma can tushen ne ya haifi kalmomin da gaske. A kanji ba kullum ba. Dubi 事, wato al'amari: an ajiye shi ƙarƙashin 亅, ɗan ja mai ƙugiya da ba ya da wata alaƙa da ma'anarsa, wurin ajiya kawai masu ƙamus suka sama masa. In muka ce saiwa, ɗalibi zai ɓata dare yana tonon ma'anar da babu ita.

Wata baiwar Allah ta kawo tsaga, irin ta gado da ake gane dangin mutum da ita a fuska. Wallahi ta burge ni, don ta dace da babin ruwa ƙwarai. Sai dai matsalar ɗaya ce, tana yi wa ɗalibi alkawarin dangantaka. "Kan babi" kuma shi ne fassarar bushu daidai, amma kowa zai ɗauka taken babi ake nufi.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ne ya tuna mini cewa da Faransanci clé ake cewa. Mabuɗi ke nan. Sunan bai ce yankin ne ya haifi harafin ba, aikinsa kawai ya faɗa: da shi ake buɗe ƙamus. Na gwada shi a baki. "Mabuɗin wannan kanji ruwa ne." "Ja nawa ya rage bayan mabuɗi?" "Ta haddace mabuɗai hamsin." Duk sun zauna. Na fifita shi a kan makulli saboda buɗewa muke yi.

Da sunan ya samu, bayanin ya zo da sauƙi. Na ce mata wahalar mai farawa ita ce gane wane yanki ne mabuɗi. 間 da 問 da 聞 duk suna sanye da 門, ƙofa, amma na farko kaɗai ke babin ƙofa. Na biyu, tambaya, yana babin baki 口, na uku, ji, yana babin kunne 耳. Ƙamus ɗin Nelson, wanda ya fito a 1962, a kan mabuɗai 214 aka gina shi. Na Spahn da Hadamitzky ya rage su zuwa 79. Na Jack Halpern da kamfanin Kodansha ya buga wa masu koyo ya bi wata hanya da ake kira SKIP: ki dubi siffar harafin, ko ya rabu hagu da dama, ko sama da ƙasa, ko an kewaye shi, ko dunƙulalle ne, sannan ki ƙirga ja.

Na Halpern ɗin na ce ta fara da shi. Kanji 2,136 ne a jerin amfanin yau da kullum na gwamnatin Japan, 80 kacal yaran aji ɗaya ke koya, ba ta buƙatar ƙaton littafi yanzu. Amma na roƙe ta kada ta yar da mabuɗai, ta riƙa koyon su a gefe, domin ranar da ta ɗauki ƙamus ɗin da Japanawa suka yi wa kansu, su za ta tarar.

Saura ɗaya, malamai. Na yi ta cewa "ja" ga kowane jan alƙalami guda da ake ƙirgawa. Akwai mai ganin "zane" ya fi shi?