Bajon matuƙan jirgin soji: yaya ake raba na asali da na jabu?

Lawali Ɗan Gulbi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Wani dillalin tsofaffin kaya a babbar kasuwar Maraɗi yana da bajo biyu na matuƙan jirgin saman soji, ya yi musu kuɗi jaka 80 tare. Na farko na Faransa ne: zoben ganye fari, fukafukai biyu masu ruwan zinariya, da tauraro a sama. A bayansa an rubuta DRAGO, sunan kamfanin da ya yi shi, da adireshin titin Olivier Métra, sai lamba mai alƙaluma biyar. Na biyu na Amurka ne, fukafukai da garkuwa a tsakiya, bayansa an buga STERLING, wato alamar azurfa, ba sunan kamfani. Dillalin ya ce duka biyun na lokacin yaƙin duniya na biyu ne, na Amurkan kuma daga Kano ya fito. Me zan duba kafin in biya?

Sanusi Maƙeri:

Wa alaikumus salam, Malam Lawali. Ka bar fuskar bajon tukuna, ka juya bayansa, can aikin yake.

Na asali bugu ne. Ana ɗora ƙarfe tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe, inji ya danne shi da ƙarfi kamar yadda ake buga kwabo, sannan a yanke gefen. Na jabu yawancinsa zubi ne: a ɗauki na asali a yi masa mazubi, a narka ƙarfe a zuba. Duk maƙerin fari ya san aikin kakin zuma, ba abu ne mai wuya ba. Amma zubi ba ya ɓuya ga wanda ya iya dubawa.

Ka samu gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninki 10. A bugu, layukan gashin fiffike suna da kaifi, kowane gashi ya rabu da ɗan uwansa, kuma a kaurin gefe za ka ga siraran layuka a tsaye inda inji ya yanke. A zubi layukan sun dakushe kamar sabulun da aka fara wanka da shi, akwai ƙananan ramuka na kumfar iska da ƴan ƙuraje a lungunan da magagari bai kai ba, gefen kuma ya sha goge don a ɓatar da layin haɗin mazubi. Rubutun baya ma haka. STERLING ɗin da aka buga yana da tsaftataccen baki da zurfi iri ɗaya. Wanda ya biyo zubi kamar ya narke yake.

Sai gwajin ruwa, wanda ba ya ɓata kaya. Kana buƙatar sikeli na masu sayar da zinariya mai auna 0.01 na giram, kofin roba, da zare. Auna bajon a bushe ka rubuta. Ɗora kofin da ruwa bisa sikeli ka mai da shi sifiri. Ɗaure bajon da zare ka nutsar da shi gaba ɗaya, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa, ka girgiza shi kaɗan kumfa ta tashi, ka karanta. Raba nauyin farko da na biyu. Azurfar STERLING, mai kashi 925 cikin 1000, tana ba da 10.3 zuwa 10.4. Tagulla wajen 8.5, kuza da garwayenta wajen 7.3, dalma 11.3. Allurar baya ba azurfa ba ce a yawancin bajo, don haka in ka samu 10.0 ko 10.1 kada ka damu.

Maganaɗisu kuwa ba ya raba gardama, tunda tagulla ma ba ta kama shi. Kuma don Allah kada ka yarda a ɗiga masa ruwan gwajin zinariya, tabon ba ya fita.

Alhaji Mamman Zariya:

Sanusi ya gama maganar ƙarfe. Ni zan yi ta rubutu, don wani lokaci kaya na asali ne, shekarunsa ne aka ƙara.

Bajon Faransan da ka siffanta shi ne na matuƙin jirgi, wanda aka fara bayarwa tun 1916, ana saka shi a ƙirjin dama. Siffarsa ba ta canza sosai ba, saboda haka fuska ba ta gaya maka shekara. Adireshin kamfani ne ke gaya maka. Drago ya yi ta sauya mazauni, yana buga sabon adireshi a bayan kayansa: titin Béranger, sannan Olivier Métra, sannan Romainville, can baya-bayan nan Noisiel da Marne-la-Vallée. Olivier Métra na shekarun 1950 ne. Ke nan ko bajonka na asali ne, bai ga yaƙin 1939 zuwa 1945 ba. Adireshi yana nuna lokacin da abu ba zai girme shi ba. Yana iya zama ƙanensa, don kamfani kan ci gaba da aiki da tsohon hatimi, amma ba ya zama wansa. Wannan ba aibi ba ne. Bajon shekarun 1950 abin ajiya ne mai kyau, kuma irinsa ya fi dacewa a samu a ƙasar nan, tunda sojan saman Faransa sun yi zama a Yamai. Kuɗinsa ne kawai bai kai na lokacin yaƙi ba.

Lambar nan ka dube ta da kyau. Bayan an gama bajo ake buga ta, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa sau da yawa ba ta miƙe sosai, kuma ƙarfe ya ɗan tasa a bakin kowane alƙalami. In lambar ta yi laushi kamar sauran jikin, tare aka zuba su. Babbar shaida ita ce ka ga bajo biyu da lamba ɗaya a hannun dillali ɗaya. Wannan ko tambaya ba sai ka yi ba.

Na Amurka: garkuwa tsura a tsakiya matuƙi ne. In da tauraro bisa garkuwar babban matuƙi ne, in tauraron na cikin zoben ganye shi ne matakin ƙoli. Cikakken girmansa inci 3, wajen santimita 7.6, akwai kuma ƙarami na taguwa mai inci 2. Rashin sunan kamfani ba ya ƙaryata shi, da yawa na lokacin yaƙi STERLING kaɗai suke ɗauke da shi. Masu suna akwai N.S. Meyer, Amico, Luxenberg, Gemsco, da waɗanda aka yi wa Amurkawa a waje, kamar J.R. Gaunt da Firmin a Landan. In ka ga harafi haɗe da lamba kamar 9M ko 22M, bayan yaƙi aka yi shi. Kayan Meyer kuma a yi hattara da su, don an sake bugawa da tsofaffin hatimansu daga baya, kuma su bugu ne na gaske, gwajin zubi ba ya kama su.

Duba liƙin allura da maƙullinta. Aikin kamfani liƙin azurfa ne, siriri, mai tsabta. Dunƙulen dalma mai launin toka yana nufin gyara aka yi ko aikin hannu ne.

Malam Isuhu:

Maganar Kano tana da tushe, shi ya sa dillalai ke son ta. Daga 1940 Ingila ta riƙa haɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau, ana tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wato Njamena ta yau, zuwa Khartum da Alƙahira, daga baya Amurkawa ma suka bi hanyar. To amma wucewar matuƙa ta Kano ba ta tabbatar da wannan bajon ba. Labari yana ƙara kuɗi ne in ya zo da takarda, hoto, ko littafin tashin jirgi mai sunan mai shi.

Ƙari ɗaya, ko za a kawo muku na Ingila. Fukafukan riga na matuƙan RAF, wato sojan saman Ingila, surfani ne bisa ƙyalle. Kambin da ke sama ya canza siffa bayan hawan Sarauniya Elizabet a 1952, don haka na yaƙi kambin sarki yake ɗauka. A haska shi da fitilar duba jabun kuɗi cikin duhu: sabon zare yana walƙiyar shuɗi. Sai dai tsohon ƙyallen da aka wanke da omo shi ma yana yi, kada a yanke hukunci da fitila kaɗai.

Lawali Ɗan Gulbi:

Na gode, Allah ya ƙara sani. Dillalin ya yarda mun je wurin mai sikeli. Na Amurka giram 17.9 a bushe, 2.09 cikin ruwa, tsawonsa santimita 7.3. Lungunansa baƙi ƙirin ne. Na Faransa layukansa da kaifi, lambar ta ɗan karkace, ruwan zinariyar ya goge a kan tauraro da ƙarshen fukafukai.

Sanusi Maƙeri:

17.9 a raba da 2.09 ya ba da 8.56. Tagulla ce aka yi wa ruwan azurfa. Akwai na asali da aka yi da tagulla, musamman aikin Ingila, amma waɗannan ba a buga musu STERLING. Abu ya ce shi azurfa ne, ruwa ya ce tagulla, magana ta ƙare. Gajartarsa ma ta dace da zubi, don ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Baƙin nan kuwa da gwaiduwar ƙwai ko ruwan Javel ake yin sa cikin kwana ɗaya. Tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya: inda riga da hannu ke goga ya yi haske, lungu ya yi duhu a hankali, launin ƙasa-ƙasa zuwa toka.

Na Faransan ya yi kama da na kirki, gogewar tana inda ya kamata. Ka raba cinikin, ka taya shi shi kaɗai a matsayin kayan shekarun 1950. In ka saya, kada ka wanke shi da toka da lemun tsami ko man goge ƙarfe, za su cinye sauran ruwan zinariyar. Burushi mai laushi a bushe ya isa. Ka naɗe shi cikin ƙyallen auduga ka sa a akwati, nesa da roba mai talewa, don tana baƙanta azurfa. Kuma na ajiya ne, kada a maƙala shi a riga a fita da shi gari.