Wa ya taɓa amfani da bak aksul mai saurin canza haƙora?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata tsohuwar Fijo fikof nake haɗawa, na ɗora mata babban inji, so nake in riƙa shiga gari da ita kuma ranar da aka samu fili a gwada gudun miƙe. Na ga irin bak aksul ɗin kamfanin Winters wanda ake buɗe marfin baya a canza haƙora cikin minti goma sha, wai ya dace da mota irin tawa? Wanda ya taɓa da hannunsa nake so don Allah, ba wanda ya gani a YouTube ba.

Oga Sani PZ: Wa alaikumus salam ƙanina. Sau ɗaya ya shigo garejina, wani Alhaji ya yo odarsa daga Amurka. Furofela ba ta juya finiyon kai tsaye, akwai sanda da ta bi ta ƙasa har baya, can sai giya biyu ƙanana ɗaya kan ɗaya, ta ƙasa ke juya ta sama, ta sama ke juya finiyon. Misali kurawun da finiyon ɗinka 4.86 ne, wato sai finiyon ya juya sau 4.86 taya ke juyawa sau ɗaya, giyoyin kuma haƙora 25 da 20, in ka sa babbar a sama ka samu wajen 6.08, in ka juya su ka dawo 3.89. Sifana da bokitin tare man giya kawai. Canjin ba wahala, ɗaurawar ce ta ci mana sati uku don marfin ya turo baya sosai yana dukan tankin mai, sai da muka matsar da tankin, mai walda ya sake kujerun sifirin, aka kai furofela wajen mai lete aka rage ta.

Ɗan Samaru: Oga to ya tafiyar ta kasance?

Oga Sani PZ: Kuka! Haƙoran miƙaƙƙu ne, daga Kwangila zuwa Jaji kamar an sa maka injin niƙa a bayan kujera. Alhaji cewa ya yi na ɓata masa kaya, da ƙyar na fahimtar da shi haka abin yake. Akwai masu karkatattun haƙora da ba su cika ƙara ba, amma su ma sai an yo oda.

Injiniya_Abba: Ni lokacin da nake karatu a Amurka na yi shekara biyu ina taya wani dattijo ranar Asabar a filin tseren ƙasa mai zagaye, can ne gidan wannan abu. Da yamma ƙasa na da danshi taya na kamawa, kafin dare ta bushe ta yi santsi, sai a buɗe a canza, akwatinsa cike da giyoyi kowane biyu da lambarsu. Tun zamanin da kamfanin Halibrand ya fara ƙera shi a ƙarshen shekarun 1940 masu tsere ke amfani da shi, har da masu gudu a filin gishirin Bonneville, yanzu kuma 'yan dirif, masu wasan zamiya da mota, sun rungume shi. Amma da na je wajen masu gudun miƙe na kwata mil, kusan duk motar da na leƙa ƙarƙashinta aksul ɗin Ford mai inci 9 na gani. Dalilinsu biyu, ƙarin giyoyin nan na cin ɗan ƙarfin inji, sannan bugun da ake yi lokacin tashi da taya mai kama ƙasa kan ƙananan haƙoran yake sauka. Kuma kwata mil kullum kwata mil ne, in ka dace da lissafinka me zaka canza?

Mai E36: Ni talaka ne, hanyar talakawa na bi lol. Na je Panteka Kaduna na samo difaransha 3.91 na cire 2.93 da motata BMW E36 ta zo da shi. Tashi kam wallahi kamar an harba ta, amma a dawowa ina kan 120 allurar inji da na saba gani a 3,000 ta haura 4,000, mai kuwa ba a magana. Nan ne kawai na yi sha'awar irin wanda kake faɗa, ka juya giya Juma'a ka mayar Lahadi. Yanzu duka biyun na ajiye, canjin na cin min rabin yini.

Baban Ummi T/Wada: Yaro ka duba kasko kafin ka kashe dala. Nawa na aluminiyam ne, na saye shi na hannu ta wani dillali, ko wata biyu bai yi ba damina ta zo, rami ya ɓuya cikin ruwa, dutse ya daki marfin ya tsage man ya tsiyaye ban sani ba sai da boris ya ƙone. Ko gasket ɗinsa babu a Sabon Gari, da hannu muka yanka. Boris ɗin wata huɗu na jira.

Ɗan Samaru: Na gode Baba, na gode oga. Oga Sani gobe bayan la'asar zan kawo maka ita mu ƙirga haƙoran na jikinta tukuna, ka ce min ko na Hilux zai zauna.