'Yata ta kamu da littafin masu shan jini: in ƙwace ko in bar mata?

Maman Ilham (Rikkos, Jos):
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. 'Yata shekararta 16. Daren Juma'a da aka ɗauke wuta na leƙa ɗakinsu, sai na hango haske a ƙarƙashin bargo. Na ɗauka waya ce, ashe littafi take karantawa da tocila. Twilight ne, na gwanjo, ta tara kuɗin tara ta saya a Taminus. Baƙin bango ne da shi, hannu biyu riƙe da jan tuffa.

Ban yi mata faɗa ba, na karɓa na zauna da shi kwana uku. Wallahi shan jinin bai tayar min da hankali yadda na zata ba, don gidan su Edward, saurayin da ke cikin labarin, jinin dabbobi suke sha saboda kada su kashe mutum. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Edward ɗin tun 1918 ya tsaya a shekara 17, wato ya haura ɗari, amma yake shiga ɗakin yarinya ta taga da dare yana kallonta tana barci. Ita kuma Bella murna take yi, tana ɓoye wa babanta komai, alhali shi ne shugaban 'yan sandan garin. Wannan ake nuna wa 'yata a matsayin so? Ya zan yi?

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai a gani na ki ɗauke shi. Yarinya mai tasowa kamar ɗanyen icce take, tun yanzu ake tanƙwara ta. Littattafan kirki ba su ƙare ba.

Malama Hajara (Anguwan Rogo):
Yaya Abu, in ta ƙwace wannan akwai uku a bayansa, kuma fim ɗin ya fito tun 2008, yana cikin wayoyin ƙawayenta. Ina koyar da 'yan mata sa'anninta. Abin da ke jan su ba jinin ba ne, wannan yaron ne da aka halitta da yunwar da zai iya cutar da wadda yake so, kullum yana kokawa da kansa. A shekarunsu kowa na ɗauke da wani abu da yake tsoron a gani. Maman Ilham, ki tambaye ta kawai: da wani zai hauro miki taga, me za ki kira shi? Ki bar ta ta amsa da kanta.

Ummi_Gangare:
Mu ma ai muna da namu, maye mai kamun kurwa, har a ce a nono ake sha. Bambancin shi ne a can labari ne, mu kuwa akwai wata tsohuwa a layinmu da aka laƙaba wa maita, yara suka daina sayen ƙosanta har ta tashi. Har yau abin na damuna.

Maman Ilham:
Na gode muku duka. Malama, jiya muna tsintar shinkafa na yi mata tambayar. Ta yi shiru, can ta ce, "Mama, ɓarawo ne." Sai kuma ta ce akwai wani yaro da ke turo mata saƙo ta wayar ƙawarta tun bayan sallah. Littafin yana kan firij, ban mayar mata ba tukuna. Yau da daddare zan faɗa wa babanta, ita ce ta ce in bari tana wurin.