Ilektirolait: wane suna za mu ba shi da Hausa?

1. Jama'a, kalmar batir ta zauna, caji ma haka. Giɓin da ya rage shi ne ilektirolait, abin nan da ke tsakanin farantan batir.

2. A wajen makanikai na Apo, a Abuja, "ruwan batir" ake cewa, amma sunan abu biyu yake ɗauka: asid ɗin da ke cikin batirin mota, da tataccen ruwan da ake ƙara masa idan ya ja baya. Yaron shago da ya zuba asid inda ruwa ake bukata, farantan dalma zai lalata. Abin yana damuna, domin da wannan suna yaranmu ke koyon sana'a.

3. Mu dubi aikinsa. Farantin mainas yana sakin ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, su bi waya ta waje, su kunna fitila, su isa farantin filas. A ciki kuwa ayon ne ke ƙetarawa, wato ƙwayoyin sinadari masu ɗauke da caji. Ilektirolait yana ba ayon hanya, ya tare ilektiron. Da ta ciki ilektiron za su bi, da batir ya cinye kansa ba tare da ya kunna komai ba.

4. Batirin da masanin kimiyya Volta ya haɗa a Italiya a 1800, ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri ya sa tsakanin tutiya da tagulla. Wani masani, Planté, ya zo da batirin dalma da asid a 1859. Amma na tocila cikinsa kamar ƙullu yake, na wayar hannu kuma gishirin litiyam ne a wani sinadari da ba ruwa a ciki. Kun ga "ruwa" bai game su ba.

5. Shawarata: mashigin batir, wato inda ake ƙetarawa.

Amsoshi:

"Malam, mahaɗi bai fi sauƙin faɗa ba?"

Ya fi, ɗan'uwa, amma zai ɓatar da ɗalibi. Ranar da farantai biyu suka haɗu, batir ya ƙone ke nan. Raba su ake yi, a bar ayon kaɗai ya wuce.

"Ɗana, mu a shago ba za mu daina cewa ruwan batir ba."

Gaskiyarka, Baba, kada ku daina. A bar wa tataccen ruwa wannan suna, asid a kira shi asid. Mashigi kuma mu kai shi aji da littafi, inda ake bayanin kowane irin batir.